Haske Da Inuwa A Bakin Ramin Zinare: Sharhi Kan Hotunan Salgado

Me ya haɗa kifi da kaska? Na san wannan ce tambayar da wasu daga cikin 'yan ƙungiya za su yi da zarar sun ga an kawo zancen hoto a shafin da aka saba tarken waƙa da ƙagaggen labari. Amsar ba ta da nisa. Mai ɗaukar hoto da mai alƙalami, ta wata fuskar, sana'arsu ɗaya ce, domin kowannensu zaɓe yake yi: ya haska wani abu, ya bar wani a duhu. Bambancin kawai shi ne na mai hoto a fili yake, ana iya aza yatsa a kan takarda a ce ga inda ya haska, ga kuma inda ya rufe. Hoton baƙi da fari kuwa ya fi kowane tona wannan asiri, tun da babu launin da zai ɗauke wa ido hankali.

Hotunan da nake so mu duba su ne waɗanda Sebastiao Salgado, mutumin ƙasar Birazil, ya ɗauka a ramin zinaren Serra Pelada a 1986. Dalilin zaɓarsu shi ne mu ma nan ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi zinare ya shiga rayuwarmu, ya kuma shiga maƙabartunmu. Samarinmu masu sha'awar hoto suna da waya a hannu, danna wuri ɗaya ya isa ya cire launi daga hoto, kuma da yawansu salon Salgado suke bi ko da ba su taɓa jin sunansa ba. To, kafin a kwaikwayi mutum ya kamata a san abin da ya iya da kuma abin da salonsa ba zai iya ɗauka ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don kada mu yi ta yabon haske da inuwa kamar wasu aljanu. Fim ɗin baƙi da fari an shafe shi ne da wani gishiri na azurfa. Duk inda haske ya taɓa, in an wanke sai wurin ya yi baƙi, inda bai taɓa ba ya zauna garau. Shi ya sa hoton farko yake fitowa a juye, farar babbar riga ta koma baƙa, baƙar fuska ta koma fara fat. Dattawan da suka riski masu hoton kasuwa, waɗanda ke kafa akwati mai ƙafa uku su lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, sun ga wannan da idonsu, domin sai an sake ɗaukar hoton wannan juyayyar takarda kafin mutum ya fito yadda Allah ya yi shi. A ɗakin wanki kuma mai hoto na iya sa tafin hannunsa ya tare haske daga wani gefe na takarda, ko ya ƙara wa wani gefen, har sama ta yi duhu kamar hadari ya haɗu alhali ranar babu ko gajimare. Ansel Adams, wani Ba'amurke, ya kasa tazarar da ke tsakanin baƙi ƙirin da fari fat zuwa matakai 11 wajen 1940, don mai hoto ya yanke shawara tun kafin ya danna a kan wane mataki zai aje kowane abu. Ke nan duhun da muke gani a hoto hukunci ne da wani ya yanke, kuma ana iya tuhumarsa a kai.

Ranar ƙasarmu tana ƙara wa wannan hukunci nauyi. A tsakar rana ta bazara, mutum baƙi sanye da farar riga a gaban farin bango, fim ba ya iya riƙe su duka. In an auna hasken da riga, fuska ta tafi. Duba tsofaffin hotunan kakanninmu, za ka tarar da aikin allurar riga ya fito zare-zare, fuska kuwa kamar bayan tukunya, sai fararen idanu biyu. Gwanayen cikin masu hoto su ne waɗanda suka san su ja mutum zuwa inuwar bango ko ƙarƙashin dogon-yaro, su auna hasken da kumatunsa.

Shi Salgado, an haife shi a 1944, kuma ilmin tattalin arziki ya karanta. Yana aiki da ƙungiyar masu noman kofi ta duniya a Landan, aikin yana kawo shi Afirka, sai sha'awar kyamara ta rinjaye shi ya aje aikin a 1973. Ba baƙonmu ba ne ƙwarai, domin cikin ayyukansa na farko akwai hotunan farin da aka yi a Jamhuriyar Nijar a wannan shekara. Ya sake komowa yankin Sahel a 1984 da 1985 tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda za mu sake gamuwa da ita nan gaba kaɗan. Ya rasu a birnin Faris ranar 23 ga Mayu, 2025.

Serra Pelada wani tudu ne a jihar Para, arewacin Birazil, inda aka tsinci zinare wajen 1980. Kafin Salgado ya isa wurin, tudun ya riga ya koma rami mai zurfin gaske, mutum wajen 50,000 suna ciki, babu injin ɗaga kaya, sai tsani na katako da buhu a wuya. Hotunan sun fito a manyan mujallu a lokacin da kowa ya koma ga hoto mai launi, sannan suka shiga littafinsa mai suna Workers na 1993, daga baya kuma aka tattara su su kaɗai a littafin Gold na 2019.

Sai a faɗi gaskiya, mutumin nan gwani ne. A hotunan da ya ɗauka daga bakin ramin, mutane sun yi ƙanana kamar cinnaka a kan gawar fara, jerin gwano yana sauka wani yana hawa, kuma bai bar wuri ɗaya ya yi baƙi ƙirin ba. Ko can ƙasan rami, in ka kai ido kusa, za ka ƙidaya kawuna. Wannan shi ne abin da nake kira inuwa mai magana, wato duhun da ido ke iya shiga ya yi yawo a ciki, ba duhun da ke rufe ƙofa ba. A hotunan da ya ɗauka kusa kuwa, laka da gumi sun manne a jiki, haske ya zo daga baya ko daga gefe ya bi ta kan kafaɗa da ƙwauri, jikin mutum ya yi ƙyalli kamar an zuba tagulla. Cire launi ya yi masa aiki biyu. Na farko, laka da fata da buhu duk sun koma abu ɗaya, sai ka ga kamar ƙasar ce da kanta ta miƙe tana hawan tsani. Na biyu, ya cire wa hoton shekara. Mai kallo ba zai ce 1986 ba ne, zai iya cewa zamanin Fir'auna ne ake gina dala.

A nan ne kuma matsalar take. In hoto ya fita daga shekara, ya fita daga hannun hukuma. Wahalar zamanin Fir'auna ba a kai ƙararta gaban kowa, sai dai a girgiza kai a ce Allah mai iko. Amma ramin Serra Pelada yana da masu filoti da masu dako, yana da mai sayen zinaren, yana da gwamnatin da ta san da shi, ana kuma amfani da zaiba wajen tace zinaren, wadda guba ce. Haske bai kai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wata marubuciya, Ingrid Sischy, ta soki Salgado a mujallar The New Yorker a 1991, cewa ya cika damuwa da tsara kyawun hoto, kuma ƙawata bala'i yana sa mai kallo ya tsaya ga sha'awa maimakon ya motsa. Susan Sontag kuma, a wani littafinta na 2003, ta kama shi da laifin rashin rubuta sunayen talakawan da yake ɗauka, alhali manya kullum da sunansu suke fitowa. Amsar da ya riƙa bayarwa har ƙarshen rayuwarsa ita ce, don me za a ce sai ƙasar matalauta ta fito da muni, bayan rana ɗaya ce ke haska su da mawadata, mutuncinsu kuma ɗaya ne?

A nawa ganin, amsar tasa ta ci rabin shari'ar. Ba na tare da masu ganin cewa sai an munana hoton talaka sannan ya zama gaskiya. Wanda ya taɓa ganin masunta a bakin gulbi a Gummi da sanyin safiyar hunturu, hazo ya rufe wancan ƙetaren, ya san kyau ba na masu kuɗi ba ne su kaɗai. Sai dai ɗaya rabin shari'ar yana nan. Mu gwada hotunansa guda biyu da suka fi shahara. A ɗaya, wani ƙato ya jingina da wani gungumen itace, ya harɗe hannuwa a ƙirji, taron mutane na hawa a bayansa. Turawa suna son wannan hoto ƙwarai domin yana tuna masu zane-zanen majami'unsu. Yana da kyau, amma mutumin ya zama alama, ba ka tambayar garinsu ko nawa aka biya shi. A ɗayan, wani lebura ya cafke bakin bindigar ɗan sanda da hannu ɗaya, sun tsaya ido cikin ido, jama'a sun ja baya sun yi da'ira. Nan haske ya faɗi a kan mutum biyu masu fuska, masu fushi, kuma dole ka tambaya me ya haɗa su, wa ya aiko mai bindigar. Wannan hoton ya fi wancan nesa ba kusa ba, ko da yake wancan ya fi shi daɗin kallo.

Yanzu mu dawo gida. A watan Maris na 2010 ma'aikatan MSF da ke sa ido a kan cutar sanƙarau suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da suma, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi masu komai. Da aka auna jini sai aka tarar gubar dalma ce. Sunayen garuruwan ba baƙi ba ne gare mu: Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Farashin zinare a kasuwar duniya ya riga ya haura dala 1,000 kowane oza, noma ba ya kawo kwatankwacin haka, dutsen da ake haƙowa kuwa cike yake da dalma. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da aka rasa ta haura 400. Magani kuma ba ya amfani sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa, aikin da aka yi a ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, Bagega kuwa ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin.

Abin lura a nan shi ne inda mutuwar ta auku. Ba a rami ta auku ba. Sojan da suka karɓi ragamar Serra Pelada a 1980 sun hana mata shiga, shi ya sa hotunan Salgado na ramin ƙarti ne zalla, labarin ƙarfi da gumi a ƙarƙashin buɗaɗɗiyar sama. Namu labarin ya bi buhun dutse ne ya shiga zaure, ya wuce cikin gida. An niƙa dutsen a injin da ake niƙa hatsi, mata sun daka shi a turmi da goyo a baya, an shanya shi a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Saboda haka saurayin da ya je bakin rami ya ɗauko mana ƙarti masu ƙyallin gumi, ko hoton ya kai na Salgado kyau, ya ɗauko labarin Birazil ne da fuskokin Zamfarawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari, wato ƙura. Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san babu abin da ke faranta ran mai hoton baƙi da fari kamar ƙura in rana ta ratsa ta daga baya. Tsaya gabas da injin niƙan dutse bayan la'asar, ka fuskanci yamma. Ƙurar za ta tashi fara sol kamar gajimare, haske ya tsattsaga ta, yaron da ke zuba dutse ya koma baƙar inuwa mai kyan siffa, babu ido babu baki. Hoton zai burge kowa, har ma a ba shi kyauta a wata ƙasa. Amma me ya faɗa? Ya ɗauki abin da ya yi kisan ya mai da shi mafi haske da kyau a takarda, ya ɗauki wanda ake kashewa ya shafe masa fuska. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, ƙurar tana nan, yaron yana nan, amma rabon hasken ya juya shaidar. Salon hasken baya da ya ɗaukaka leburan Serra Pelada, a Bagega dalma zai ɗaukaka.

Wa za mu duba ke nan? Ni dai sai in nuna Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948 ya yi aiki a ciki har farkon shekarun 1960. Galibi a tsakar gidansa yake ɗauka da hasken rana mai laushi, ya rataya zane mai ado a baya, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya yake dannawa. Duba yadda baƙar fata take a hotunansa: goshi da kumatu da haɓa kowanne da matakinsa na duhu, ga ɗankwali mai zane, ga zanen bango mai zane, amma fuska ba ta ɓace a cikinsu ba. Dalili kuwa ba na fasaha ba ne kaɗai. Matar da ke zaune ita ta zo da ƙafarta, ita ta biya, ita za ta tafi da hoton gida, in fuskarta ba ta fito ba gobe ba za ta turo ƙawarta ba. Salgado bai taɓa zama a ƙarƙashin irin wannan hukunci ba, domin masu sayen hotonsa suna Faris da New York. Abin dariya, ko abin takaici, lokacin da aka fara nuna hotunan Keita a New York a 1991 ba a ma rubuta sunansa ba, an ce wai mai hoton ba a san shi ba, sai da aka bi sawu har Bamako.

Kada marubutanmu su ɗauka wannan zance na masu kyamara ne. Ciwon iri ɗaya ne. Dubi yadda ake siffanta tauraruwa a yawancin littattafanmu na soyayya: fara, doguwa, mai dara-daran idanu, gidan ubanta duk fitilu, ba tabo ba aibi. Hoto ne da haske ya ƙone, ba ka ganin komai sai fari. Mugun labarin kuma, kishiya ce ko boka ko ɗan fashi, baƙi ƙirin ne tun daga shafin farko, ba dalili ba tarihi. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakai tara da Adams ya ƙidaya, kuma a cikinsu mutane suke zaune. Mahaifin da ya kawo buhun dutse gida don ya sayi buhun gero, ya kuma binne 'ya'yansa biyu a wata guda, a wane mataki za ka aje shi? Har yanzu ina jiran labarin da zai ɗauke shi da muhimmanci.

Akwai wani wuri ma da hoton baƙi da fari yake gazawa gaba ɗaya, sai alƙalami ya kawo ɗauki. Mace tana daka a turmi, ƙura na tashi, yaro na zaune kusa. In gero ne a turmin, hoto ne na kwanciyar hankali irin wanda ake sa wa a kalanda. In dutsen Dareta ne, hoton ajali ne. A takarda kuwa duka biyun toka-toka ne, babu matakin haske da zai raba su. Layi biyu da za a rubuta a ƙarƙashi, na wuri da shekara da abin da ke cikin turmin, su ne za su mai da shi shaida. Salgado ya saba taƙaita irin wannan rubutu, sau da yawa wuri da shekara kawai, domin ya amince hoton zai yi magana da kansa. A nan ba zai yi ba.

Ɗaya gefen kuma mun san shi, har ya ishe mu. Bayan hare-haren da 'yan bindiga suka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu 2022, inda hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200, irin hotunan da ke bin waya a irin wannan lokaci ba su da inuwa ko kaɗan. Komai a buɗe, gawa ba sutura, a tura wa wannan ya tura wa wancan, kwana biyu an manta. Idan aibin Salgado shi ne ya sa wahala ta yi kyan da za a rataye ta a falo, aibin waɗannan shi ne sun tsiraita mamaci har ido ya saba. Inuwa tana da aikin sutura, kuma addininmu da al'adarmu sun riga kyamara sanin haka.

Wannan matsalar tsaro ta sa baƙon mai hoto ba ya shiga waɗannan ƙauyuka cikin sauƙi, ko ya shiga ma iyakarsa zaure. Wanda zai iya ɗaukar hoton cikin gida ɗan gida ne, kuma mafi dacewa 'yar gida. An ga misalin haka a Maiduguri, inda Fati Abubakar ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a 2015, ko da yake nata masu launi ne. Aikin ba ya bukatar kaya masu tsada. Ɗakin ƙasa mai ƙofa ɗaya ya riga ya tsara haskensa: yana shigowa ta gefe, ya kwanta a rabin fuska, ɗaya rabin ya dushe a hankali zuwa bango. A kashe fitilar waya, domin tana baje fuska ta kashe wannan dushewar. A zaunar da uwar kusa da bakin ƙofa, ba a cikin rana ba, wata ta riƙe farin zane ta ɗaya gefen don ya mayar da ɗan haske cikin inuwar, a auna da kumatunta, farin tsakar gida ya ƙone in zai ƙone. Turmin yana iya zama can baya a mataki na biyu ko na uku, inda sai an sake dubawa za a gan shi. In an gama a nuna mata hoton, a tambaye ta ko ta yarda ya fita daga gidan, da sunanta ko ba da shi ba.